Sadique Abubakar: Fiye da shekara 40 cikin kakin sojan sama

Mu 'ya'yan Hausawa da muka tashi a nan Riyad, in ana zancen sojan sama sai hankalinmu ya tafi Kwalejin Sarki Faisal. Da yawanmu ba su san labarin ɗan Azare, Iya Mashal Sadique Baba Abubakar ba.

An haife shi a 1960, ya shiga soja a 1979, inda ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu. A Yulin 2015 marigayi Shugaba Buhari ya naɗa shi Babban Hafsan Sojin Sama, ana tsaka da yaƙin Boko Haram. A zamaninsa aka ƙulla cinikin jiragen Super Tucano 12 da Amurka, sai dai ba su fara isowa ba sai Yulin 2021, shi kuwa ya sauka tun Janairu. A 2019 rundunar ta yaye Kafayat Sanni, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a cikinta.

Amma duk mai ba da tarihinsa ya tsallake Rann, to ya tauye mudu. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin rundunar ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke garin, a Jihar Borno, mutum sama da 100 suka rasu. A ganina wannan ya fi kowace lambar girma nauyi a kafaɗarsa.

Da ya tuɓe kaki ya yi jakadanci a Chadi, sannan ya nemi gwamnan Bauchi a APC a 2023, Bala Muhammad ya kayar da shi.