Ƙwarya Sai An Wanke Kafin A Kafa Nono

Mai yin kindirmo takan dafa madara, ta bari ta huce, ta ɗebo kaɗan daga kindirmon jiya ta zuba, ta rufe. Kafin gari ya waye, ƙananan halittun da ke cikin wannan cokali guda sun hayayyafa, sun hana masu ɓata madara sakat. Amma kafin duk wannan, sai ta wanke ƙwaryar tas. In ta yi ganda a nan, komai kyawun abin da ta zuba, nonon ba zai yi ba.

Bakin mutum ma haka yake. Masana sun gano nau'in bakteriya kusan 700 da ke zama a cikinsa, kuma yawancinsu ba sa cutarwa. Matsala tana farawa ne idan datti ya taru a gindin haƙori ya ƙeƙashe, irin su Porphyromonas gingivalis suka samu mafaka. Sai dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in an goga aswaki, a kwana a tashi haƙori ya soma girgiɗi.

Daga nan tunanin furobayotik ya taso: a zuba masu amfani su kori miyagu. A 2013, masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun ba masu ciwon dasashi ƙwayar tsotsa mai ɗauke da Lactobacillus reuteri, sau biyu kullum har mako 12, suka ga ƙarin sauƙi. Sai dai abin da masu talla ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi damuna: duk mutanen nan, sai da likita ya fara kankare musu dattin da ke ƙarƙashin dasashi. An wanke ƙwaryar tukuna.

Ko da hakan, sakamakon sauran gwaje-gwaje ya saɓa wa juna, har ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai, a ƙa'idojinta na 2020, ba ta ba da shawarar amfani da furobayotik ba. Baƙin halittun ma ba sa zama. In aka daina tsotsa, sukan ɓace.

Haƙorin da ya riga ya yi kogo, ko ya tara mugunya har kumatu ya kumbura, wannan ya wuce ƙwayar tsotsa da yogot. Sai likitan haƙori ya fitar da mugunyar, ya cike kogon ko ya cire haƙorin, domin irin wannan kumburi yana iya gangarawa wuya ya toshe numfashi.