Muhimmancin Daidaita Iyakar Ƙwaƙwalwa Ga Manhajar Sa Ido

Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi da dama na gudanar da ayyukansu a kan rukunin na'urori masu ƙwaƙwalwa, inda ake zuba kowace manhaja cikin nata ƙunshi da ake kira kwantena. Tsarin da ya fi shahara wajen rarraba waɗannan kwantenoni shi ne Kubernetes, wanda kamfanin Google ya fitar a shekarar 2014.

Domin sanin lafiyar rukunin, akan girka manhajar sa ido kamar Prometheus, wadda aka fara ƙera ta a kamfanin SoundCloud a shekarar 2012. Aikinta shi ne tattara alƙaluma daga kowace na'ura tare da yin gargaɗi idan wani abu ya lalace.

Kubernetes na bai wa kamfani damar rubuta adadi biyu na ƙwaƙwalwa ga kowace kwantena. Na farko shi ne kason da za a ware mata, wanda da shi ake zaɓar na'urar da za ta zauna a kai. Na biyu kuwa iyaka ce da ba za ta ƙetare ba. Idan ta kai ga ƙetarewa, sai tsarin Linux ya kashe ta nan take, a ga kalmar OOMKilled da lamba 137 a rahoton aiki.

A nan ne hatsarin yake ga ɗan kasuwa, domin idan mai gadi ya faɗi, babu mai yin kururuwa. Na'urar biyan kuɗi na iya tsayawa ba wanda ya sani sai abokan ciniki sun fara ƙorafi. Bugu da ƙari, Prometheus na riƙe alƙaluman sa'o'i biyu zuwa uku na baya-bayan nan a ƙwaƙwalwa, kuma da zarar ta tashi sai ta sake karanto su daga faifai. Idan iyakar ta yi kaɗan, wannan karatun kan sake kayar da ita.

Haka nan kuma, ware kaso fiye da kima asara ce, musamman ga kamfanonin Nijeriya da ke biyan hayar na'urori da dala alhali cinikinsu na naira ne.

Abin da ke cin ƙwaƙwalwar shi ne yawan jerin alƙaluman da ake bibiya. Alal misali, rassa 50 masu ayyuka 20 kowannensu za su haifar da jeri 1,000. Idan aka ce a bambance su da lambar kowane abokin ciniki, adadin na iya kaiwa miliyoyi.

Saboda haka, ya kamata manajoji su umurci ma'aikatansu da su auna mafi yawan abin da manhajar ke ci, har da ranakun biyan albashi da jajiberin sallah, kafin a sa iyaka a sama da hakan da ɗan rata. Kazalika a zubar da jerin da ba a amfani da su, sannan a sake duba adadin duk lokacin da aka buɗe sabon reshe.

Daga ƙarshe, yana da kyau a ajiye wata ƙaramar manhaja a wajen rukunin, wadda za ta sanar da injiniyoyi da zarar mai sa idon ya yi shiru.