Ƙira Mai Motsi: Ayyukan Vollis Simpson da Matsalar Adana Su

Daga cikin rassan fasahar gargajiya akwai wadda ba a koyon ta a makaranta, watau ƙirar da mutum kan harhaɗa da tarkacen ƙarafa, ya kafa ta a fili domin iska ta riƙa juya ta. Fitaccen misali shi ne aikin Vollis Simpson (1919-2013), mutumin ƙauyen Lucama a Jihar Karolina ta Arewa, ƙasar Amurka.

Asalin sana'ar Simpson gyaran injuna ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana soja a tsibirin Saipan, ya ƙera farfelar da iska ke juyawa domin ta tuƙa injin wanki. Bayan ya manyanta ne ya koma ga wannan hikima, ya shiga yin walda da tsofaffin fankoki da ƙafafun kekuna da sauran ƙarafan da aka yar. Ya kan fitar da siffar doki, ko agwagwa, ko mutane biyu suna jan zarto, ya ɗora su bisa dogayen turaku, wasu har sun kai ƙafa 50. Da iska ta bugi farfela sai sandar da ke ɗauke da ita ta juya, ita kuma ta motsa siffofin. Daɗin daɗawa, ya kan yanyanka allunan hanya masu ƙyalli ya manna, don su haskaka idan fitilar mota ta doke su da dare.

To amma motsin nan da ya ba wannan ƙira rai, shi ne kuma yake cinye ta. Boris ya kan lalace, fenti ya koɗe, tsatsa ta ci ƙarfe. Idan aka shigar da ita ɗaki aka tsayar, an kuɓutar da ƙarfen, an kashe fasahar. Idan kuwa aka bar ta a iska, tilas a riƙa sauya sassanta, har a wayi gari kaɗan ne ya rage daga abin da hannun maƙerin ya taɓa.

Birnin Wilson da ke kusa da Lucama ya zaɓi hanya ta biyu. An kwance ayyukan Simpson guda 30, aka gyara su, aka sake kafa su a wani dandali da aka buɗe a 2017. Wannan zaɓi yana nuna cewa, ga irin wannan fasaha, motsin shi ne abin gadon da ake adanawa.