Renon Yaro a New York, Inda Doka Ta Gaji Aikin Kaka

A Kano ko Maraɗi, uwa kan ajiye ɗanta a gidan maƙwabta ta tafi unguwa, ta dawo ta tarar an yi masa wanka, ya sha kunu, yana ta barci a ɗakin wata tsohuwa. Wannan gata shi ne abu na farko da ke kuɓuce wa iyalin da suka sauka a filin jirgin John F. Kennedy da ɗan shekara biyu a kafaɗa. Babu kaka, babu goggo, babu 'yar raino. Aikin da dangi ke yi a gida, a birnin New York doka da takardu ne suka ɗauke shi, kuma iyayen da suka san su da wuri sun fi samun sauƙi.

Masu jin Hausa a birnin sun fi yawa a Bronx da Harlem. Akwai 'yan zango daga Kumasi da Akara, akwai mutanen Nijar, akwai na arewacin Najeriya. A titi na 116 da ke Harlem, wanda yawan 'yan Senegal ya sa ake yi masa laƙabi da ƙaramar Senegal, ana samun manja da busasshen kifi da atamfa. Ƙungiyoyi irin su Yankasa ta Musulmin Gana a Bronx su ne dangin wanda ba shi da dangi, ranar suna da ranar rasuwa. Sai dai kowa na fama da aikinsa, wani tasi yake ja har asuba, wata kitso take yi wuni guda, don haka reno na komawa kan mutum biyu kawai.

Jarrabawa ta farko ita ce hunturu. Daga ranar 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa mai gida ya ɗumama ɗakunan 'yan haya, da rana su kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas idan an yi sanyi a waje. Idan ya ƙi, ana kai ƙara ta lambar waya 311. Baƙi da yawa ba su sani ba, ko kuma suna gudun rigima, sai su sayi hitar lantarki su kunna har gari ya waye. A watan Maris na 2007, gobarar da hita ta haddasa a unguwar Highbridge ta ci rayuka 10 na iyalan ƙasar Mali, tara daga ciki yara. Ranar 9 ga Janairun 2022, irin haka ta sake faruwa a dogon benen Twin Parks da ke Bronx, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Hayaƙin da ya bi ta ƙofofin da suka tsaya a buɗe ne ya shaƙe su.

Taga ma da dokarta. Tun 1976, duk benen da ke da gidaje uku ko fiye, in akwai yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa da haka, tilas mai gida ya kafa ƙarfen kariya a tagogin.

Akwai kuma abin da uwa kan ɗauko da hannunta daga gida da kyakkyawar niyya, wato kwalli. A jihar New York ana auna jinin kowane yaro idan ya cika shekara ɗaya da kuma shekara biyu, don neman gubar dalma, saboda tsofaffin gidaje na ɗauke da fenti mai dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston sun sami gubar a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyayen Najeriya. Da aka bi sawu, sai aka gano tozalin da ake rambaɗa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Wanda ya tuna yaran Zamfara ɗaruruwa da wannan guba ta kashe a 2010 ya san ba abin wasa ba ce.

A harkar zirga-zirga kuwa, Bahaushiya ta fi 'yar gari dabara. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin yana da tashoshi 472, kuma mafi yawansu babu na'urar hawa da sauka. Kullum za a ga iyaye suna ciccibar keken tura jariri a kan matakala, suna neman mai taimako. Mai zane da majanyi sai ta goya ɗanta ta wuce, hannuwanta biyu a sake. Yaron da tsayinsa bai wuce inci 44 ba yana shiga kyauta tare da babba. A motar gida kuma babu batun rungume yaro a cinya, sai a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara takwas.

Inda al'ada da doka suka fi karo shi ne barin yaro shi kaɗai da kuma horo. A 1997 'yan sanda sun kama wata mata 'yar Denmark saboda ta bar jaririyarta cikin keke a ƙofar gidan abinci, abin da ake yi a ƙasarsu ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Malamin makaranta da likita, doka ta tilasta musu sanar da hukuma idan suka ga shaidar duka a jikin yaro, kuma hukumar kula da yara ta birnin, ACS, na iya ƙwanƙwasa ƙofa. Bulalar da ake ɗauka tarbiyya a gida tana iya kai iyaye gaban alƙali.

Amma birnin na bayarwa kamar yadda yake bincike. Shirin Child Health Plus na ba yara inshorar lafiya ko da iyayensu ba su da takardun zama. Tun 2014 'yan shekara huɗu ke shiga makarantar share fage kyauta, a 2017 aka fara na 'yan shekara uku, aka kuma mai da abincin rana kyauta ga kowane ɗalibi. Tun 2015 makarantun gwamnati ke ba da hutun Sallah ƙarama da babba. Da zarar yaro ya shiga aji, Turanci kan kama bakinsa cikin 'yan watanni, Hausa kuwa sai abin da ya ji a ɗaki da kuma Islamiyyar ƙarshen mako a masallaci.

Sai ranar zuwa ganin gida. Fasfon Amurka na yaron da bai kai shekara 16 ba sai da yardar uwa da uba, kuma shekara biyar yake yi. Wanda bai cika shekara biyu ba yana iya tafiya a cinyar uwarsa, tafiyar da kan kai awa goma kafin a taɓa Akara ko Legas. Babban abin lura shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya tashi a Bronx jikinsa bai san cutar ba, iyayen ma kariyar jikinsu ta ragu da daɗewa a waje, shi ya sa likitoci ke ba da maganin rigakafi tun kafin a tashi, tare da allurar shawara ga wanda ya kai wata tara. Haka ake isa Kano da gidan sauro da kwalbar magani a jaka, kaka ta karɓe jikanta tun daga soro tana yi masa kirari, shi kuma yana kallon uwarsa yana jiran ta fassara masa.