Ƙungiya Da Samarinta

Jama'a, ƙauyuka da yawa suna da ƙungiyar taimakon kai da kai. Ita ke gyaran hanya, da yasar rijiya, da share maƙabarta. Amma in mun leƙa taronta, sai mu ga yawanci masu furfura ne. To, ina samari?

Ba mu kaɗai ne muke wannan tambaya ba. Akwai wata ƙungiya sunanta Rotary. Wani lauya, Paul Harris, shi ya kafa ta a birnin Shikago ta Amurka cikin 1905. 'Yan kasuwa da ma'aikata su ke taruwa suna aikin taimako, ba a biyansu ko kwabo. Ta iso Nijeriya cikin 1961, reshenta na farko kuwa a Kano aka buɗe shi. Tun 1985 take ba da taimako wajen rigakafin shan inna.

Mun sani yaro ba ya sakin baki a gaban dattawa. Saboda haka abin da Rotary ta yi ya dace, watau ta yi wa yara tasu ƙungiya. Cikin 1962 ta kafa Interact, wadda yanzu take karɓar 'yan shekara 12 zuwa 18. Cikin 1968 ta kafa Rotaract, ta 'yan shekara 18 zuwa sama. Ku lura da wannan: su da kansu suke zaɓen shugabansu da ma'ajinsu, su kuma zaɓi aikin da za su yi. Manya sai dai su ba da shawara.

Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. Ku tuna gayya. Mai gona yakan gaya wa Sarkin Samari, shi kuma ya tara mutanensa. Ga makaɗi yana zuga su, ga 'yammata da kunu, kowa yana so a ce shi ya fara kai kuyyarsa ƙarshe. Aiki ne mai wuya, amma ba a roƙon kowa ya zo. Me ya sa? Don shugaban nasu ne, yabon kuma nasu ne.

Yau fa? Saurayi ya zo taro, a sa shi shimfiɗa tabarma da ɗebo ruwa. In ya yi magana a ce, "Kai, yi shiru, manya na magana." Gobe ba zai komo ba. Mu dai ba mu ga laifinsa ba.

Haka yake a wurin sana'a. Telan da ya bar yaronsa shekara uku yana sa maɓalli kaɗai, wata rana zai tarar yaron ya koma acaɓa.

A taro mai zuwa, a ba samari aiki guda sukutum, kamar gyaran rijiyar makaranta. Wanda ya gama wannan aji ya riƙe littafin kuɗi. A rage musu kuɗin ƙungiya, kuma kada a sa taro ranar kasuwa.