Gida, Masai da Kwata: Ina Aikin Gwamnati, Ina Namu?

A taron ƙungiyoyin manoma na ekklesiya a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, ana yawan tambaya cewa, “Yaushe Gwamnati za ta gina mana gidaje, ta gyara mana kwata?” Tambayar tana da kyau. Damina ta 2024 ta kawo ambaliya wadda ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. A Anka kuma mutanen da ’yan bindiga suka kora daga ƙauyuka sun cika gari, waɗansu suna kwana cikin gine-ginen da ba a gama ba. Bari mu duba abin da doka ta ce, domin mu san ƙofar da za mu buga.

Shirin gidaje na Gwamnati

A 1979 Gwamnatin Shehu Shagari ta yi shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi 2,000 kowace shekara a kowace jiha. An gina waɗansu, amma ba a kai ko kusa da adadin ba kafin soja su karɓi mulki a 1983. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari daga albashin ma’aikaci, daga baya ya nemi rance. Wannan tsari an yi shi ne da mai albashi a zuciya. Manomi yana samun kuɗi sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, kuma yawanci ba shi da takardar fili da banki zai karɓa. Saboda haka har yau gidan ƙauye mai shi ne ke gina shi, da jar ƙasa da azara da taimakon dangi.

Amma akwai abu guda da doka ta ba mu. Dokar Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ba na birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama a kansa bisa al’ada. Wanda zai yi gini, ya je tare da dagaci da shaidu ya nemi wannan takarda. Ita ce za ta tsare gwauruwa da marayu ran da mai gida ya kwanta dama.

Wa ke da alhakin kwata da masai?

Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin gina magudanan ruwa, da masai na jama’a, da kwashe shara da ƙazanta. Ba Abuja ba ce, ba kuma Gusau ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. To, muna da ikon zuwa wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma mu tambaya, cikin ladabi, nawa aka ware wa kwatar kasuwa da masan makaranta.

A 2019 Gwamnatin Tarayya ta soma yaƙi da bahaya a fili, da nufin gamawa a 2025. Ba a cim ma wannan ba. Amma Jihar Jigawa ta kai ga haka a 2022, ita ce ta fari. Ku lura, a wannan shiri Gwamnati ba ta haƙa wa kowane gida masai. Jami’ai suna wa’azi ne, mutanen gari su haƙa da kansu. Wanda ke jiran a haƙa masa zai daɗe yana jira.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi

Ruwan wanka da wanki da ya kwanta a lungu yana haifar sauro, yana kuma cin gindin katanga har ta faɗi. Bahayan da aka yi a bayan gari, ruwan sama na fari yana kwaso shi zuwa rijiya da gulbi. Ta haka cutar amai da gudawa ke shiga gari, kamar yadda ta yi a ƙasar Bukkuyum a daminar 2025.

Mu tuna kuma da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da ’Yargalma. Dutsen zinariya ne aka riƙa daka cikin gida, ana wankewa kusa da rijiya. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gida aka zubo sabuwa. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013. Kada kowa ya buga tubali da ƙasar wurin da aka taɓa wanke zinariya.

Abin da ƙungiya za ta iya yi kafin damina

Na ɗaya, masai. A haƙa shi nesa da rijiya, aƙalla ƙafa 100, a gangare, ba a saman rijiyar ba. A yi masa murfi. A ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa. A fadama, inda ruwa ke kusa, kada ramin ya yi zurfi. A ɗaga bakinsa sama da ƙasa.

Na biyu, ramin shanye ruwa. A bayan makewayi a haƙa rami kamar ƙafa 4, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, a juya rariya ta zuba ciki. Lungu zai bushe.

Na uku, tushen gini. Ko layi uku na dutse da siminti a gindin katanga ya isa ya hana ruwa cin ta. Ƙungiya ta yi adashin siminti a kaka, a yi gayya gida bayan gida, a fara da na gwauraye da tsofaffi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, a ajiye kwafi. Kada ekklesiya ta tafi ita kaɗai. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, cuta kuwa ba ta tambayar addini. A tafi tare da mai unguwa da liman.

Masu bi su sani wannan ba sabon abu ba ne. Cikin Kubawar Shari’a sura 23, an umarci Isra’ilawa su keɓe wuri a bayan zango, su riƙa binne ƙazantarsu, domin Ubangiji yana tsakiyarsu. A taronku na wannan wata ku karanta wurin, sa’an nan sakatare ya rubuta gidajen membobi da ba su da masai, a sa ranar gayya ta fari. Allah ya ba mu damina mai albarka da lafiya.