Laifin da Bai Kai Caji Ofis Ba, Wa Ke Ƙirga Shi?

A Ƙofar Nassarawa ta Kano, inda gadar sama da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina take sada cikin birni da waje, ba a rasa gardama kan ƙwacen waya. Wani zai ce abin ya lafa tun da aka matsa wa 'yan daba, wani ya rantse bai taɓa ƙamari irin na bana ba. Kowa da hujjarsa: wannan ƙaninsa aka sara a hannu bayan magariba, wancan kuma ya daɗe bai ji ihun ɓarawo a layinsu ba. Da wane ma'auni za a raba su?

An saba dogaro da kundin 'yan sanda, sai dai abin da kundin ke ƙirgawa shi ne ƙarar da aka kai. Wanda aka fizge wa waya a cikin Adaidaita Sahu yakan yi lissafi: kuɗin mota zuwa caji ofis, yinin da zai ɓata, ga shi ba tabbas zai sake ganin wayar. Sai ya ce Allah ya isa, ya toshe layinsa, ya wuce kasuwar waya ta Farm Centre neman wata. Wanda ya gane ɗan maƙota ne ya haura masa katanga, zauren mai unguwa yake nufa, a kira iyaye a yi sulhu. Rigimar ma'aurata Hisbah take tafiya, wata matsalar 'yan sintiri ke kashe ta tun cikin dare, fyaɗe kuwa sau da yawa rufe shi ake yi don gudun abin kunya. Har akan samu akasi: idan jama'a suka ƙara yarda da 'yan sanda suka riƙa kai ƙara, alƙaluma sai su hau, a zaci laifi ne ya ƙaru.

Wannan giɓin ne ya sa masana suka ce a daina jiran mutane su zo, a bi su gida a tambaye su. Amurka ta fara irin wannan bincike na ƙasa baki ɗaya a farkon shekarun 1970, Birtaniya ta bi sahu a 1982, sannan a 1989 aka soma wani na ƙasa da ƙasa wanda daga baya ya shiga biranen Afirka. A Najeriya, gidauniyar CLEEN, wadda marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a Legas a 1998, ta yi shekaru tana gudanar da shi.

Ba kowane gida ake shiga ba. Akan raba gari gunduma-gunduma, a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a cikinsu kuma a zaɓi gidaje. Kamar mai sayen hatsi ne a Dawanau: hannu ɗaya ya ishe shi sanin buhu, muddin ba daga sama kaɗai ya ɗiba ba. Tambayar ma ba a yin ta a dunƙule. Akan bi ɗaya bayan ɗaya: a cikin wata 12 da suka wuce, an shigo muku gida sata? An ɗauke babur? An tare wani da makami? A ina, da wane lokaci? An kai ƙara? In ba a kai ba, me ya hana?

A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da sakamakon irin wannan bincike. Ta ƙiyasta cewa daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 an aikata wa iyalan Najeriya laifi kusan sau miliyan 51.9, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba da kimanin miliyan 14.4. Cikin gidajen da aka yi wa fashi, kashi 36.3 cikin 100 ne kawai suka sanar da 'yan sanda. A kwatanta da laifuka 134,663 da hukumar ta ce an kai wa 'yan sanda a duk faɗin ƙasar a 2017. Shekarun da ma'aunan sun bambanta, amma tazarar ta wuce a kau da kai.

Rahoton ya sha suka, musamman ƙiyasinsa na mutum fiye da dubu 600 da aka kashe da kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23. Sukar tana da tushe a lissafi. Gida ɗaya da aka tambaya yana wakiltar dubban gidaje, don haka ƙaramin kuskure kan abin da ba kasafai yake faruwa ba sai ya kumbura. A wurinmu kuma, in aka kashe mutum ɗaya, gida biyar na dangi kowanne zai ce nasa ne. Binciken ya fi ƙarfi a kan laifin yau da kullum, irin sata, fasa shago da ƙwace.

A cikin ganuwar Kano akwai ƙarin wahala. Masu ƙididdiga suna ɗaukar waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali ɗaya, alhali ƙofa ɗaya a lungunan birni takan rufe tukwane shida ko bakwai. In aka yi sallama, mai gida ne zai fito zaure ya ce lafiya lau, kuma iyakar saninsa ya faɗa. Bai san an zare wa uwargida kuɗi a gidan biki ba, ɗansa ma ya ɓoye masa an karɓe wayarsa don kada a yi masa faɗan yawon dare. Dole ke nan a sami mata masu tambaya da za su shiga ciki, a kuma keɓe wanda ake tambaya, domin ba matar da za ta ba da labarin duka mai dukan yana tsaye. Lokaci ma sai an ɗaure shi da abin da mutane ke tunawa, a ce "daga ƙaramar Sallar bara zuwa ta bana", in ba haka ba satar shekara uku za ta shigo lissafin bana. Sannan almajirai, masu kwana a shago ko tasha, da 'yan kasuwar da ke shigowa da safe su fita da yamma, ba sa cikin jerin gidajen unguwa, ga shi suna cikin waɗanda ɓarawo ya fi samu a sauƙaƙe.

Binciken ƙasa ba zai iya cewa komai kan unguwa ɗaya ba, domin gidajen da ya taɓa a can ba su taka kara sun karya ba. Kano na da Hukumar Ƙididdiga ta jiha, Jami'ar Bayero na da masana halayyar jama'a, masarauta na da masu unguwanni da suka san kowane lungu, ko da yake aikinsu ya tsaya ga gabatar da baƙi, kada su zauna wurin hira. Idan aka riƙa bin ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano duk shekara da tambayoyi iri ɗaya, za a san titin da ya fi buƙatar fitila da sa'ar da ta fi buƙatar sintiri. Za a kuma san, cikin mutum goma da aka zalunta, nawa ne suka ga amfanin zuwa wurin hukuma, wanda shi ne adadin da ya kamata a riƙa auna kowane kwamishinan 'yan sanda da shi.